Sunan Makaɗin Jiya da na Tauraron Yau, Kamar Yadda Ake Jin Su a Gaya

Shaharar mawaƙi iri biyu ce a ƙasar Hausa a yau, kuma sau da yawa a cikin waya ɗaya ake samun su. Akwai ta makaɗan da suka yi suna da kalangu da kotso da gurmi, waɗanda akasarinsu sun kwanta dama. Akwai kuma ta samarin situdiyo da ake kira taurari, waɗanda ake lissafa darajarsu da yawan masu kallo a YouTube da mabiya a TikTok. A majalisa da wurin mai shayi akan ɗora su a sikeli ɗaya a yi ta musu kan wanda ya fi wani. Musun ba ya ƙarewa, domin tun asali ba da mudu ɗaya aka auna su ba.

Garin Gaya, a ƙarshen kudancin jihar Dosso ta Jamhuriyar Nijar, wuri ne da wannan bambanci ke fitowa fili. Yana bakin Kogin Kwara, daura da Malanbil ta ƙasar Benin, kuma tun 1958 gada ta haɗa garuruwan biyu. Ta gabas hanya ta miƙe zuwa Kamba a jihar Kebbi ta Nijeriya, daga can sai Birnin Kebbi da Argungu da Sakkwato. Dandawa da Kyangawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulani ne mazauna yankin, ga kuma baƙin da fatauci da manyan motocin Kwatano suka ajiye. Kunnen mutumin Gaya ya saba da harshe uku ko huɗu, aljihunsa ya saba da sefa da naira. Waƙar da ta yi tashe a Kano ko Yamai ko Legas ko Faraku da wuya ta ƙi biyowa ta nan.

A tsarin da, sunan makaɗi a jikin sunan wani yake tsira, kamar kauci a jikin itace. Makaɗin fada yana da sarkinsa, makaɗin maza yana da ɗan dambensa ko ɗan kokawarsa, makaɗin sana'a yana da manoma ko mahauta ko maƙera. Ibrahim Narambaɗa ya yi zamaninsa a fadar Sarkin Gobir na Isa. Musa Ɗanƙwairo na Maradun ya yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da sarakuna da dama. Ɗan Anace kuwa ba a ambatonsa ba a tuna da ɗan dambe Shago ba. Aliyu Ɗandawo ya yi wa sarakunan Kabi a Argungu, ɗansa Sani ya ɗora daga Yawuri, kuma waɗannan a wurin mutanen Gaya 'yan gida ne, don ƙasa ɗaya ce iyaka ta ratsa. Can Damagaram akwai Ma'azu Ɗan Alalo. Ubangida shi ke ba da doki da riga da hatsi, daga baya mota da kujerar Makka. Makaɗi kuma ya biya da abin da ba a sayarwa a kasuwa: ya sa sunan ubangidan a bakin mutane har bayan ransa, ya kuma jefi abokin hamayyarsa da zambo.

A ɓangaren Zabarmawa al'amarin ya ma fi tsauri. Jasare, masu riƙe tarihin zuriya da labarun mayaƙa, sukan shafe shekaru suna hadda a gaban iyayensu ko malamansu kafin a yarda su ɗauki molo su buɗe baki a bainar jama'a. Jado Seku da Jeliba Baje sun yi suna ne da dogayen labarai waɗanda mutum zai zauna ya saurara sa'a guda ko fiye, ba rawa ba tafi. Wanda ya tsallake sunan kaka ɗaya a jerin zuriya, dattawan wurin za su tsayar da shi su gyara masa. A irin wannan fage jarrabawa ake ci kafin a sami suna, masu jarrabawar kuwa sun san darasin.

Alhaji Mamman Shata ne ya kai wannan tsari ƙololuwa, shi ne kuma ya fara sassauta igiyarsa. Bai gaji kiɗa ba. An haife shi a Musawa, a gidan da ba sa roƙo, mahaifinsa ma bai so sana'ar ba. Bai kuma ɗaure kansa a fada ɗaya ba: ya yi wa sarki, ya yi wa direba da ɗan kasuwa da soja, ya zaga da makaɗansa gari-gari, a Nijeriya da ƙasashen maƙwabta. Ba ya zuwa fili da takarda. Kalangu ya ɗauka, 'yan amshi su kafa gindin waƙa, shi kuma ya ɗaga kai ya ga wanda ya shigo, ya saƙa sunansa da na ubansa da na garinsu cikin ɗiyan waƙar tun mutumin bai sami wurin zama ba. Sanƙira na gefe yana raɗa masa wane ne wane, yana shelar kyautar da aka yi, wani lokaci ya ƙara mata gishiri don na kusa ya ji haushi ya ninka. Waƙa ɗaya takan fito da fuska dabam a kowane gari, shi ya sa har yau masu tara waƙoƙinsa ba su daidaita kan adadinsu ba. Akwai mutane da yawa, irin su Umaru Ɗan Ɗanduna na Gwandu, waɗanda 'yan baya suka san sunansu ta bakin Shata kaɗai. Wanda kuma ya saɓa masa ya sha zambo, "Gagarabadau" shaida ce.

Sama da shekara hamsin ya yi a kan wannan hanya. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala digirin dakta a Jami'ar Indiana ta Amurka da nazari a kansa, a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, ya rasu a watan Yunin 1999 aka binne shi a Daura. Duk tsawon wannan lokaci ba wanda ya taɓa riƙe alƙalami yana ƙirga masu sauraronsa. A Turai da Amurka tun da wuri ake auna mawaƙi da yawan faifan da ya sayar, har aka san cewa kundin Thriller na Michael Jackson, wanda ya fito a 1982, shi ne ya fi kowane kasuwa. Makaɗin Hausa ba shi da irin wannan littafin lissafi. Ana gane girmansa ne da wanda ya gayyace shi, da abin da aka ba shi, da yadda maganarsa ta shiga bakin mutane ta zama karin magana.

Abin da ya ɗauki waɗannan muryoyi ya tsallaka iyaka da su shi ne rediyo. Na Nijar ya fara aiki a 1958, na Kaduna a 1962, kuma gajeren zango ba ya tsayawa wurin duwan. A shekarun 1960 da 1970 akwatin rediyo ɗaya kan ishi gida, wani lokaci unguwa guda. Tashoshin kaɗan ne, saboda haka abin da aka sa shi kowa ya ji: manomin rake a karkarar Gaya da ɗan tireda a Sakkwato da mahauci a zangon Kumasi, duk a sa'a ɗaya. Filin "Zaɓi Sonka" na Rediyon Kaduna ya tara masu aika gaisuwa daga ƙasashe da yawa, har wasunsu su ma suka yi suna saboda yawan jin sunayensu. Wannan ƙaranci yana cikin sirrin girman mutanen da, ko da yake masu kewar zamanin ba su cika son a faɗa ba. Kunnuwan ƙasa duka a ƙofa ɗaya suka taru, ma'aikacin rediyo kuma shi ne mai gadin ƙofar. Wanda ya shiga ya zama na kowa. Wanda bai shiga ba, komai gwanintarsa, sunansa ya tsaya a kasuwannin da ƙafarsa ta kai.

Faifan garmaho, wanda kamfanoni irin su EMI suka buga wa Shata da takwarorinsa, na masu hali ne. Kaset ne ya kai waƙa hannun talaka, daga shekarun 1970 zuwa na 1990. A gari irin Gaya, inda manyan motoci kan yi kwanaki a layi suna jiran takardu, direbobi da yaransu su ne manyan masu yaɗa shi. Ba banza ba "Waƙar Karen Mota" ta Ɗan Maraya Jos, mai kuntigi, ta sami gindin zama a tashoshi. Kaset ɗaya akan kwafe shi sau ba adadi, mawaƙi ba ya ganin ko anini, kuma galibinsu ba su ɗauki hakan a matsayin sata ba. Talla ce a wurinsu: inda kaset ya je, gayyata za ta fito.

A Nijar hukuma ma ta zama ubangida. Zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin Samariya da bikin matasa na ƙasa sun buɗe wa mawaƙan jihohi fage, wanda ya yi zarra ya shiga Muryar Sahel da talabijin. Gasar kokawa ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, ta ɗaga 'yan kokawa tare da masu yi musu kirari, har sunan mawaƙi Sagalo ya zama ɗaya da filin kokawa. A ƙarshen shekarun 1980 aka kafa gasar Ɗan Gurmu, da sunan shahararren mawaƙin Tawa, a 1989 kuma aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai. Daga wannan zamani ne sunayen Mamman Barka da Sa'adu Bori da Musa Pusi da Sani Abusa suka cika ƙasa. Ta tsallaken kogi kuwa, tun shekarun 1970 ƙungiyar Super Borgou ta Faraku take waƙa da Dandanci da Barganci a kan jita da ganguna na zamani. Ashe kenan kiɗan zamani ba baƙo ba ne a Gaya. Abin da ya sauya daga baya hanyar samun suna ce.

Sauyin ya faro ne daga finafinan Kano. An yi Turmin Danya a 1990, kuma zuwa ƙarshen wannan goman, lokacin da Sangaya ya fito, fiyanon Yamaha ya riga ya maye gurbin tawagar makaɗa. Abin da a da sai da mutum goma da mota, yanzu mutum biyu a ɗaki ɗaya sun isa: mai kiɗa a gaban fiyano da kwamfuta, mawaƙi a bayan gilashi da takardarsa a hannu. In ya yi kuskure a baiti a goge a sake, in murya ta karkace na'ura ta miƙar da ita. Da farko mawaƙin fim ba shi da fuska, don jarumi ne ke motsa baki a allo ya kwashi farin jinin. Daga baya su Nazifi Asnanic da Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ali Jita suka fito da kundayensu da sunayensu, tare da Fati Nijar, 'yar Maraɗi da ta yi suna a Kano. A Yamai kuma, daga ƙarshen shekarun 1990, ƙungiyoyin rap irin su Lakal Kaney da Wass Wong da Kaidan Gaskiya suka kama matasan fada, wato majalisar shayi ta samari, suka share wa su Barakina hanya.

Sai waya ta zo. A tasha ko bakin kasuwa a garuruwan iyaka akwai wata sana'a da a Kano ake kiran masu ita 'yan dawunlodin. Kayan aikin ba yawa: tebur, tsohuwar kwamfuta, faifan sola ko ɗan janareta, lasifika mai ƙara, da tarin wayoyi ana caji. Mai kabu-kabu ya tsaya, ya ɓare bayan wayarsa, ya zaro memori ƙarami kamar farce ya miƙa, ya ce a zuba masa sababbi. Yaron tebur ba ya tambayar suna, ya san abin da ke tashe a makon. A kwamfutarsa waƙoƙin a ware suke gida-gida: na Hausa, na Zabarmanci, na Legas, na Indiya, wa'azi, karatun Alƙur'ani, sai wani gida da ake tara tsofaffi. Cikin 'yan mintoci an zuba ɗaruruwa, an biya 'yan canji da sefa ko naira. Da yamma a fada, ana dafa shayi, abokai biyar su kwafe ta Bluetooth ko Xender ba tare da an taɓa intanet ba.

Labarin Mdou Moctar, mai jita daga arewacin Nijar, ya nuna ƙarfin wannan hanya. A 2008 ya je Sakkwato ya naɗi kundinsa Anar, da irin na'urar gyaran murya da mawaƙan finafinan Hausa ke amfani da ita. A lokacin kundin bai shiga kanti ba. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka ratsa Sahara har Mali, inda wani Ba'amurke mai tara waƙoƙi, Christopher Kirkley, ya ji ɗaya, ya sa ta a wani tarin waƙoƙin wayoyin Sahara da ya fitar a 2011, bayan ya sha wahalar gano mai ita. Mutum ya yi suna a ƙasashe, amma sunan nasa bai biyo waƙar ba.

Tauraron yau ana auna shi da lamba, kuma lambar kan hau da saurin da mutanen da ba su taɓa gani ba. A 2020, lokacin kullen korona, "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta mamaye wayoyi cikin 'yan kwanaki, bayan matan aure sun riƙa ɗaukar bidiyo suna taka wa mazajensu rawa da ita. A 2022 "Warr" da "Chass" na Ado Gwanja suka yi irin wannan tashe, suka kuma jawo ƙorafi gaban hukuma a Kano. Nisan da Shata ya ci cikin shekara ashirin na tafiya a mota, waƙa ɗaya kan ci shi yanzu kafin Juma'a ta zagayo. A matakin duniya lambobin sun fi haka ban tsoro. "Calm Down" ta Rema da Selena Gomez ta haura sauraro biliyan ɗaya a Spotify a 2023. A shekarar ce Burna Boy, wanda ya ci Grammy a 2021, ya cika babban filin wasa a Landan. Angélique Kidjo ta Benin tana da Grammy biyar, Bombino na Agadas kuma ya zama ɗan Nijar na farko da ya shiga jerin 'yan takarar kyautar, a bikin 2019. Ta fuskar faɗin ƙasa, babu makaɗin da da ya kusanci wannan.

Sai dai lambar tana da makanta, kuma Gaya na cikin wuraren da ba ta gani. Waƙar da yaron tebur ya sauke sau ɗaya, YouTube sau ɗaya ya ƙirga, alhali ta shiga memori ɗari, an ji ta a gidan biki da cikin kwale-kwale da gonar shinkafa. Mai sauraron da ba ya sayen data kullum, ko wanda wayarsa ƙarama ce mai madannai, babu shi a lissafin. Ta ɗaya gefen kuma lamba kan kumbura: ana sayen mabiya, ana biyan masu rawa su tayar da waƙa, wanda ya kalla don ya zaga shi ma an ƙirga shi. Haka nan sunan da ya yi ƙara a waje ba lallai ne ya yi a gida ba. Masu jitar Agadas da ke cika zauruka a Turai da Amurka, ba su ne masu kiɗan bikin aure ke fara sakawa a Gaya ba. Can Gwanja da Breaker da mawaƙan Zabarmanci irin su Mali Yaro sun fi kusa da kunne.

Maganar kuɗi ita ce ta fi tona asirin cewa sabon tsarin bai yi nisa da tsohon ba. Kafin YouTube ya fara biyan mai tasha kuɗin talla, galibi sai ya tara masu rajista 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 a shekara, kuma abin da talla ke kawowa daga masu kallo a ƙasashen Sahel kaɗan ne in an gwada da na Turai. Akwai hukumomin kare haƙƙin mallaka a Nijar da Nijeriya, amma ba mai iya bin memori ɗaya-ɗaya. Saboda haka abincin mawaƙin zamani yana fitowa ne daga inda na kakanninsa ya fito: wasan biki da na salla, liƙi, waƙar amarya da ango da ake biya a sa sunayen dangi, da kyautar mota daga mai kuɗi. Sama da duka akwai ɗan siyasa, wanda ya gaji kujerar ubangida. Dauda Kahutu Rarara ya gina sunansa kan waƙar siyasa, yabo da zambo kamar yadda aka gada, har a 2020 ya nemi magoya bayan Shugaba Buhari su tura naira dubu-dubu kafin ya saki sabuwar waƙa. Fada ma ba ta saki ba: a watan Disambar 2018 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya naɗa Naziru M. Ahmad Sarkin Waƙa. An sauya kalangu da fiyano, roƙon yana nan, ko da yake 'yan zamani ba sa son kalmar.

Ƙin kalmar yana da dalili. A al'adar Hausa da ta Zabarmawa makaɗi yana iya fin kowa suna a gari, amma a zaman daraja yana ƙasa. Ana tsoron bakinsa, ana jin daɗin waƙarsa, in ya zo neman aure a wasu gidaje sai a fara duba asali. Shahara daban, martaba daban. Tauraron yau ya tsallake wani ɓangare na wannan shinge. Ba a tambayar ko ya gada, yana iya zama ɗan malami ko ɗan boko, kamfanoni na ɗaukarsa talla, yara na kwaikwayon askinsa. Amma ya biya da wani abu da na da bai biya ba. Mutane da yawa da suka haddace waƙoƙin Narambaɗa, da za su gamu da shi a kasuwa ba za su gane shi ba, murya kawai suka sani. Na yau fuskarsa ce jarinsa, tare da suturarsa da motarsa da aurensa da sakinsa. Dole ya leƙo kullum, in ya yi shiru wata biyu a ce ya faɗi. Kuskuren da ya yi da dare, kafin asuba ya kai Malanbil. Ga Hukumar Tace Finafinai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, ga masu wa'azi, ga masu sharhi a ƙarƙashin kowane bidiyo. Makaɗin fada ubangida ɗaya yake lallashi, tauraro kuwa dubbai ne, kuma ba su da alƙawari.

Ita kanta waƙar ta bi ma'aunin. Bakandamiyar makaɗin da doguwa ce, tana ɗaukar lokaci kafin ta yi zafi, cike da kirari da habaici da kalmomin da sai an tambayi tsofaffi. Waƙar da aka yi don TikTok kuwa ƙarfinta a daƙiƙa talatin yake, wurin da za a yanka a yi rawa, sauran jikin sau da yawa cikon mudu ne. A nan masu cewa an yi asara suna da gaskiya: Hausar Ɗanƙwairo ko ta Narambaɗa ta fi ta yawancin waƙoƙin soyayya na yau nauyi nesa ba kusa ba, kuma iya ƙirƙira nan take a gaban jama'a fasaha ce da situdiyo ke kashewa. Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Aminu Ala, alal misali, yana rubuta waƙa da awo da amsa-amo da zurfin harshe, jami'o'i kuma sun daɗe suna nazarinsa.

Akwai kuma wani rashin adalci da ke cikin kwatancen, wanda ba a cika lura da shi ba. Idan aka ce mawaƙan da, ana nufin 'yan ƙalilan da zamani ya tankaɗe ya bari. A zamanin Shata akwai ɗaruruwan masu kalangu da goge da kukuma da suka yi tashe shekara biyu ko uku a gidajen wasa, yau ko jikokinsu ba sa iya kawo baiti ɗaya nasu. Su ma a lokacinsu malamai sun yi musu wa'azi, dattawa sun ce sun lalata tarbiyya. Waƙoƙin amada na Barmani Coge, wadda ta rasu a 2013, an daɗe ana yi musu kallon na batsa kafin masana su fara rubuta littattafai a kanta. Ana gwada tsabar jiya ne da hatsin yau da ba a sheƙe ba tukuna.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar Gaya da Malanbil, manyan motoci suka tsaya, mutane suka koma tsallaka kogi a kwale-kwale. Kasuwanci ya ji jiki. Waƙa ba ta tsaya ba ko yini ɗaya, don memori a aljihu yake tsallakawa, abin da ya rage kuma WhatsApp ya kawo. A Nijar ma sai ga waƙoƙin kishin ƙasa sun dawo da ƙarfi a rediyo da talabijin, kamar zamanin Samariya.

A teburin 'yan dawunlodin, gidan sababbi kullum cikin sauyi yake. Waƙar da aka yi wa layi bara, bana sai an bincika kafin a same ta, wani lokaci an goge ta don a sami wuri. Gidan tsofaffi ba ya girma sosai, ba a kuma goge shi. Direbobi da dattawa ne suka fi nemansa, amma akwai samarin da aka haifa bayan 1999 da kan ce a haɗa musu da Shata da Ɗanƙwairo saboda doguwar tafiya. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Ɗan Maraya a 2015, Mamman Barka a 2018, kuma har yau ana biyan kuɗi a zuba muryoyinsu a waya. Taurarin TikTok ba su kai shekarun da za a yi musu wannan gwaji ba, don mafi tsufar waƙoƙin da suka tashi ta wannan hanya ba su daɗe da fitowa ba.